Inuwar Iya Ummu

"Gajiya ta bi lafiya, amaryata. Ke har yanzu kina nan? Na zaci zan tarar ana rabon gumba."

"Sai na ci taka, miji marar cefane. Zauna kar iska ta ɗauke ka."

Ila ke nan, jikan Iya Ummu, ya iso Gangara daga Tanut da ordinata, wato kwamfuta, a jaka. Ƙungiyar mata masu man gyaɗa ce ta sa shi yin hoton da za a manna jikin kwalba, shi kuwa bai ga fuskar da za ta sayar da mai ba sai ta kakarsa. Ba ɗaukarta ya yi ba, gina ta ya yi cikin na'ura kamar tukunya, har ana juya ta a ga ƙeya.

Ya buɗe mata. Ga ta tsaye da kwalba, ga tsagar, ga giɓin. Amma bayanta babu danga, babu rumbu, ba sama ba ƙasa, sai ƴan gidaje fari da toka kamar na dara. Ta dubi ƙafafun. Babu inuwa. Hoto irin wannan sau ɗaya ta taɓa gani, na ƙanwarta Nafisatu, wanda aka yi ta yawo da shi cikin wayoyi ranar jana'iza, an yanke duniya daga bayanta.

"Ila, wa ya ce maka ina shirin tafiya?"

"Ina za ki, ba ki biya ni sadakina ba?"

"Ban da wasa. Ina gidana?"

"Na cire. Wani ɗan gurbi nake taɓawa kafin na'ura ta fitar da hoton, sai baya ya zama garau kamar gilashi. Mai bugawa a Damagaram ya ɗora ki kan ja ko rawaya, yadda matan suke so. Ƴan gidajen nan alama ce kawai cewa babu komai."

"Babu komai. Ka ji bakinsa. Ka tsayar da ni a babu komai, kana murmushi da haƙora kamar na jakin da ya ga dusa."

"Bari ki gani a waya, hankalinki ya kwanta."

Garin sauri ya adana hoton ta hanyar da ba ta riƙe garau ɗin. Da ya buɗe a waya, sai ga Iya Ummu cikin duhu baƙi ƙirin.

"Innalillahi. Har ka rufe ni."

Ta miƙe da sandarta ta fita tsakar gida. Rana tana tsaka. Ta duba gaba, ta duba baya, inuwar ta ƙanƙance ta maƙale ƙarƙashin ƙafafunta, ba ta fi faifai ba.

"Dubi abin da ka rage mini."

Ila ya biyo ta yana dariya, da ya ga da gaske take, dariyarsa ta tsaya.

"Iya, azahar ce. Dubi tawa, ita ma haka."

"Kai dama ba ka da jikin da zai yi inuwa. Ko ka mayar mini da ita, ko fuskata ba ta hawa kwalbar kowa."

Ya koma gaban na'urar ya zauna, ta tsaya a kansa tana huci. Ya shimfiɗa wata ƙasa ƙarƙashin hoton, wadda ba a ganinta, aikinta ɗaukar inuwa kaɗai. Ya gyara adanawar. Baya ya dawo garau, ga inuwa doguwa kwance a ƙafafunta.

"Ga ta nan, har ta fi ki kyau."

Iya Ummu ta ƙura ido.

"Ranar taka ta ina take?"

"Ta yamma."

"Inuwar la'asar ka ba ni? Mayar da ranar gabas. Ta hantsi nake so, ina da sauran wuni."

Ya ja ranar da yatsa, inuwar ta juya. Tsohuwa ta sauke numfashi, dariya ta ƙwace mata. Ta kunce bakin zane ta jefa masa ƙuli-ƙuli a cinya.

"Ci, ko ka yi ƙiba. Bazawara nake gudun zama."