Rasuwar Sannu-Sannu, Babur Mai Gajeriyar Kujera

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake in za a bi ta gaskiya zuciyar shiru kawai ta yi kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da teloli abokan hulɗata rasuwar babur ɗina, wanda aka fi sani da Sannu-Sannu. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a tsakiyar tudun da ke tsakanin asibiti da gidanmu, bayan doguwar jinya. Shekararsa goma sha biyu da wata huɗu a hannuna. Na san ba a yi wa ƙarfe addu'a, ba kuma zan roƙi kowa ya yi ba. Sai dai wanda ya goya ka tsawon wannan lokaci bai taɓa kayar da kai ba, ya cancanci a faɗi tarihinsa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai gyaran keken ɗinkin nan da ke bin shaguna da akwatin katako ɗaure a bayan babur. Maiɗakina ɗinki ne sana'arta, shi ya sa nake kiranta Tela, ita kuma take ce min Injiniya, rabi girmamawa rabi tsiya.

Ba marigayi na je saya ba. Ranar da muka shiga shagon babura ni da Tela, biyu ne a jere ko ledarsu ba a cire ba, kuɗinsu kuma kusan ɗaya. Akwai ja, mai inji ɗari da ashirin da biyar, dogo, mai babban tanki, in an tayar da shi har a ƙirji kake jin muryarsa. Kusa da shi akwai shuɗi, mai inji ɗari, gajere, kujerarsa ƙasa-ƙasa, shimfiɗaɗɗiya kamar benci. Tun daga bakin ƙofa idona yake kan jan.

Mai shagon ya dubi akwatina ya ce, "Maigida, mai ɗaukar kan keke ai ja ne nasa. Wancan na masu zuwa ofis ne da 'yar jaka."

Har na kama hannun jan, sai Tela ta ce a bari ta zauna ta ji. Gajeriya ce, sai da na tallafa mata ta hau, ƙafafunta na lilo. Ta sauko tana dariya, ta juya ta zauna a kan shuɗin ita kaɗai, ba wanda ya taɓa ta.

Ta ce, "Injiniya, wannan ƙafata na taɓa ƙasa."

Na ce, "Ke za ki tuƙa?"

"A'a. Amma ni zan zauna a baya har tsufana, ka ga kuwa ina da ta cewa."

Shuɗin muka koma gida da shi, na yi wata guda ina kumbure-kumbure. A cikin watan ne Yaya, wan Tela, wanda direban babbar mota ne, ya same ni ina tura shi a kan tudu da kan keke biyu a baya. Ya leƙo ta tagar motarsa ya ce, "Suruki, sannu-sannu dai ba ta hana zuwa!" Daga ranar sunan ya bi shi.

Marigayi ya kasance mai ƙana'a, ɗan man da ka zuba masa ranar Litinin zai kai ka Juma'a. Ba ya tashi a bugun farko, wannan ɗabi'arsa ce, amma bai taɓa bari an yi na uku ba sai in ruwa ya dake shi. Da safe yakan fara da ɗan tari, ƙyah-ƙyah, sannan ya daidaita murya, tuf-tuf-tuf, a hankali kamar mai gudun tayar da maƙwabta. Teloli sun san muryar tun daga kan kwana, kafin in tsaya sun fito da kan keken da ya lalace sun ajiye a bakin ƙofa. Ba a faɗin aibin mamaci, amma kowa ya san shi da tudu ba sa ga-maciji. In kaya sun yi nauyi sai a giya ta ɗaya, wani lokaci ma sai na sauka mun taka tare. Duk ranar da hakan ta faru nakan dawo gida in yi wa Tela zancen jan, ita kuma ta ci gaba da taka kekenta kamar da bango nake magana.

Shekara uku da suka wuce, wata safiya ina wanke hannu a tsakar gida, na ji ƙarar kekenta ta tsaya a tsakiyar ɗinki. Na saurara ban ji ta ci gaba ba. Da na shiga na same ta ta kife a kan teburin keken, bakinta ya karkace. Ɓarin jikinta na hagu ne ya shanye. Mun yi mako uku a asibiti, aka sallame mu aka ce mu riƙa zuwa gashi, wato motsa jikin da ya shanye, sau biyu a mako, Talata da Alhamis.

Da farko motar haya muke ɗauka. Mota ba ta shiga lungunmu, sai an ɗauke ta cak, mutum biyu, a kai ta bakin titi jama'a na kallo. Rufe ido kawai take yi har a ajiye ta. Wata Alhamis ta daɗe tana kallon marigayi a inda yake jingine, sannan ta ce da bakinta da bai gama saki ba, "Matso min da shi."

Na matso da shi gaf da dakalin baranda. Ta dafa kafaɗata da hannun dama, ta juya, ta zauna. Abin da na yi kawai shi ne ɗaga ƙafar hagun in ɗora a kan matakin, sannan na zagaya wani dogon ƙyalle na ɗaure ƙugunta da nawa. Haka muka yi shekara uku, ko ana ruwa ko ana rana. A duk abin hawan da ke duniya shi kaɗai ne take hawa ba a ɗaga ta ba. Ban sake yin zancen jan ba.

Ciwon ajalinsa ya fara ne bara, da hayaƙi. Ya koma shan baƙin mai kamar ruwa, tarin safiya ya ƙara tsawo. Bakanikenmu ya canja masa ringin inji sau biyu, a na biyun ya goge hannu ya ce, "Injiniya, tsohon nan ya gaji. Ka daina ɗora masa mutum biyu a tudun can." Na ce to. Na ci gaba da ɗorawa, don ba wata hanyar da ke zuwa asibiti.

Ranar Talatar da ya rasu, likitar gashi ba ta kai Tela kan gadon motsa jiki ba. Ta zaunar da mu a ofishinta, ta rufe fayil ta ɗora hannu a kai. Ta ce abin da zai dawo ya riga ya dawo, shekara uku ba kwana uku ba ce, mu ci gaba da motsa jiki a gida, ba sai mun riƙa wahalar da kanmu da zuwa ba, bayan wata shida ma leƙo. Da tausasawa ta faɗa, tana kallon Tela a ido. Tela ta ce, "Mun gode, likita."

Muka kama hanyar gida. Mun kai rabin tudun, a giya ta ɗaya, sai na ji ƙwas daga ƙarƙashina, sau ɗaya tak, daga nan shiru. Muka fara komawa baya, na danne birki na dire ƙafa. Na taka kiki, ya ƙi motsi kamar an zuba masa siminti. Muna tsakiyar titi a ɗaure da juna, motoci na ta ham suna kauce mana. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba, sai da ta ce a bayana, "Kwance ni."

Wani mai sayar da taya ya fito da kujera da ruwa. Muka tare motar haya. A bakin lungu mutum biyu suka ɗauke ta, ta rufe ido.

Washegari aka turo shi gida, bakanike ya buɗe injin. Fistin ya narke ya manne, gidansa ya tsage. Ya ce, "Ko na haɗa maka shi, yaudararka zan yi." Na ce to. Mutane suna ta yi min jaje, ni kuma ina jiran in ji wani abu a raina, har yau ban ji ba. Ina cin abinci, ina barci. Kullum da safe ina saka makullinsa a aljihu, sai na kai bakin ƙofa nake tunawa, in dawo in rataye shi a ƙusa.

Marigayi ya rasu ya bar ni, da Tela, da 'yarmu Auta wadda a kansa ta koyi tuƙi kafin ta tafi karatu, ita ce kuma ta yi masa lotsawar da ke gefen tanki. Ya bar akwatin kayan aiki, da hular kwano biyu, da madubi ɗaya, ɗayan ya riga shi tun shekara biyar. Ya bar bakanike, wanda ya ce ya rasa wanda ya fi kowa zuwa gaishe shi. Ya bar teloli wajen talatin da kekunansu ke tsinka zare suna ta kirana a waya.

Saboda waɗannan telolin ne Yaya ya matsa min muka koma shagon baburan nan. Tsohon mai shagon ya daina fitowa, ɗansa ne a wurin. Kala da fitilu sun canja, amma zaɓin yana nan yadda na bar shi. Akwai gajere mai inji ɗari, ƙanin marigayi sak, wanda tudunmu zai cinye kamar yadda ya cinye wansa. Akwai dogo mai ɗari da ashirin da biyar, wanda zai haye da kan keke uku bai ji ba, amma kujerarsa ta kai min ƙugu.

Yaya ya ce, "Suruki, ka dubi gwiwarka. Shekarunka ba na tura babur ba ne kuma."

Na zauna a kan wannan, na zauna a kan wancan, na ce zan dawo. Bayan kwana biyu na koma ni kaɗai, na sake zama a kan kowanne. Mai shagon ya ce, "Baba, ko neman aure ai ba a yi masa wannan dogon nazarin." Na yi masa murmushi na dawo gida hannu rabbana.

Na samu Tela a baranda tana murza 'yar ƙwallon robar da aka ba ta a asibiti. Ba ta ɗago ba ta ce, "Wanne ka saya?"

"Ban saya ba."

"Wancan karon ni na zaɓa, ka yi shekara goma sha biyu kana turi. Ka sayi dogon."

Na ce, "Ke fa?"

Ta ce, "Ni ina zan je? Ba ka ji abin da likita ta ce ba?"

Dogon na saya. Ya haye tudun a giya ta uku, ban ma san mun wuce wurin ba sai da na ga kwanar gidanmu. Na shigo da shi tsakar gida na kafe shi kusa da gawar. Tela ta dube shi daga ƙasa har kujera, ta ce, "Ya yi kyau, Allah Ya tsare," ta ja sandarta ta shige ɗaki.

Shekaranjiya tana barcin rana na kira maƙwabcinmu kafinta, muka auna tsayin kujerar da na dakali muna magana ƙasa-ƙasa. Na ce ya yi min 'yar matakala mai hawa biyu, kada kuma ya gaya wa kowa. Ban san ma me ya sa na yi ba, tunda ba ta ce tana so ba. Yau da safe ina zaune ina rubuta wannan sanarwa, ta kira ni daga ɗaki.

"Injiniya."

"Na'am."

"Ka ce wa kafinta hawa uku zai yi, biyu ba za su ishe ni ba. Ya sa abin riƙewa ta hannun dama."

Na ajiye biro. Na ce, "Ina za mu je?"

Ta ce, "Ka bari in hau tukuna."

Za a fitar da gawar marigayi ranar Asabar da ƙarfe tara na safe daga gidanmu. Bakanike zai zo da wuri ya cire fitila da taya ta gaba, don ya san wani mai irinsa da ke buƙata. Sauran kuma mai sayen tsofaffin ƙarafa zai ɗora a amalanke ya tafi da shi, ba a buƙatar rakiya. Ba za a yi zaman makoki ba. Telolin da ke jirana su ƙara haƙuri zuwa Litinin. Mai son ganin gawa ya zo kafin tara, bayan nan kuma muna roƙon kada kowa ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, har da kai Yaya. Kafinta zai kawo aikinsa da ƙarfe goma, Tela ta ce ba ta son idon mutane.