Nazare Da Kashin Shanu

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na tara yara sittin da uku a bakin rafi, kowanne da tabarmarsa da ƙullin kayansa, alhali ba wanda ya ce a kawo yaro ko ɗaya.

A 2003 ne. Malamanmu na jami'a suna yajin aiki, ni kuma ina zaune a gida a Lafia ina maimaita littattafan da na riga na karanta sau biyu. Turanci nake karantawa, ina aji biyu. Ni ba mai magana ba ce. In aka yi baƙi a gidanmu, sai an leƙa bayan ƙofa kafin a gan ni. Amma a takarda ba a kama ni da kuskure. Ina da jan biro na musamman da nake gyara Turancin kalandar da ke bangon falonmu (har yau ban san wa nake kai wa ƙara ba).

Ana nan sai ga Inna Talatu, ƙanwar mahaifiyata, daga ƙauyensu da ke gaba da Assakio. Ta ce wata Baturiya mai suna Helen ta zo musu aikin sa kai. Da safe tana koyar da Turanci a firamare, da yamma tana fama da mutane su daina ƙona daji, su dasa itatuwa. Ɗan bautar ƙasar da ke yi mata tafinta ya gama ya tafi.

"Na gaya wa mai unguwa ina da 'ya wadda ta haɗiye ƙamus," in ji Inna Talatu. "Tashi ki haɗa kaya."

A mota ta gaya mini sauran. Mai unguwa ya ba Helen fili a bakin rafi, ƙasa mai laima da kowa ke so. Sau biyu tana kiran mutane aiki, ba wanda ya leƙa, don lokacin huɗar doya ne. Mai unguwa ya ce in Asabar ta zo ba a ga jama'a ba, filin zai koma hannun ƙaninsa ya sa doya, Helen kuma a mai da ita wani gari. Inna Talatu ba ta son haka. Ita ke dafa mata abinci, kuma ta sha wahala kafin ta koya mata cin sakwara da hannu.

Ran Laraba da yamma aka tara mata a gindin mangwaron ƙofar gidan mai unguwa. Ga Helen, doguwa, rana ta mai da ita ja kamar tattasai, ta ɗaura zani a baibai. Ga ni kusa da ita, rungume da ƙamus.

Ta buɗe baki, na gane na shiga uku. Turancin da na sani na littafi ne, wanda ke tsayawa wuri ɗaya har ka gama kallonsa. Nata kuwa ta hanci yake fitowa, yana gudu kamar ɗan acaɓan da ya hango 'yan sanda. Cikin kalma uku nakan cafke ɗaya. In ce ta maimaita? Ni da aka ce na haɗiye ƙamus?

Sai Allah ya jefo mini kalmar da na sani. Ta ce ran Asabar za a buɗe nazare a bakin rafi.

Nazare! Ai ni ma na yi nazare, da ɗan kwandon abincina. Nan take komai ya zauna mini daram. Na ce a raina Baturiyar nan akwai dabara: ta ga ba a zuwa don itace, za ta jawo iyaye ta hanyar 'ya'yansu. Na gyara murya, na yi magana da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

"Ta ce ran Asabar za ta buɗe makarantar nazare. Kyauta."

Wurin ya ɗauki guɗa. Helen ta dube ni ido waje, don tun zuwanta ba a taɓa yi wa maganarta guɗa ba. Ta ƙara wuta, ni ma na ƙara.

Ta ce kowa ya kawo 'yan jariran da ke gidansa (haka take kiransu, jariranta). Na fassara. Ta ce za a ajiye su a inuwa wata uku, ana ba su ruwa safe da yamma, sai sun yi ƙwari kowa ya ɗauki nasa. Na ce makarantar kwana ce, zango ɗaya wata uku, kuma ba za a bar yaro da ƙishirwa ba.

Mama Dooshima, wata Tibi mai sayar da garin rogo, ta ɗaga hannu. "Malama, yarinya na bai kai shekara biyu ba. Za a karɓa shi?"

Na juya na tambayi Helen ko tana karɓar ƙanana sosai. Kalmar "yaro" ba ta fito daga bakina ba, don kunya ta sa ina tsimin kalmomi. Helen ta ce ai ƙananan sun fi, ba sa wahalar ɗauka. Mama Dooshima ta tashi ta taka rawa.

Daga nan ta ce waɗanda suka ƙi girma za a cire su a zubar. Na ce a raina Turawa ba su iya sakaya zance ba, aikin tafinta ne ya sa masa gishiri. Na ce wanda bai yi ƙoƙari ba zai maimaita aji. A ƙarshe ta ce a zo da kashin shanu, da yawa. Sai na tuna an yi sabuwar rumfa a filin, dole a yi mata daɓe. Na ce na daɓen aji ne. (Kun ga yadda ilimi ke aiki. Jahili da tuni ya tsaya ya yi tambaya.)

A hanyar gida Helen ta rungume ni, ta ce ba ta taɓa samun tafinta kamata ba. Kwana biyu ina tafiya kamar ƙasa katifa ce. Na sayi littafi mai layi arba'in, na ja masa layuka da rula: suna, shekaru, sunan uwa, abin da yaro ba ya ci.

Ran Asabar tun hantsi bai yi ba bakin rafi ya cika. Yara sun sha basilin har suna ƙyalli. Wasu da takalmin yayyensu, wani da hular Kirsimeti, wata da allon katako. Kowace uwa da tabarma, da ƙullin gari, da doya biyu ko uku na guzuri. Wata ta zo da kaza. A gefe ga kashin shanu tsibi guda. Na lura rumfar ba ta wuce ƙuguna ba, na ce lallai Helen ta auna tsawon ɗalibanta. Na zauna a kan dutse ina rubuta suna, ana ce mini "Anti", ina amsawa.

Sai ga Helen tana turo baro, mai unguwa da Inna Talatu a bayanta. Da ta ga jama'a ta saki baron ta dafe ƙirji. Ta ce mini wannan ya wuce mafarkinta. Sannan ta ce, a hankali yadda na ji kowace kalma, me ya sa yaran suka zo da kayan kwana?

Na leƙa baron. Baƙaƙen ledoji cike da ƙasa, da ƙwallayen mangwaro, da 'ya'yan kashu. Ta ɗauko leda ɗaya mai ɗan tsiro da ganye biyu, ta ɗaga sama, ta sumbace shi, ta ce in gaya musu ga jaririnta na farko.

Na buɗe ƙamus a tsaye. Ga kalmar nan. Ma'ana ta ɗaya, wurin renon yara. Ma'ana ta biyu, layi ɗaya kacal a ƙasa, wurin renon itatuwa kafin a dasa.

Na dubi rafin, ruwan bai kai idon sawu ba, ba zai ɓoye ni ba.

"'Yata, me ta ce?" in ji mai unguwa.

"Baba, ta ce... nazaren na itace ne."

"Ɗaga murya, ba su ji ba."

Na ɗaga. Kazar nan ce ta fara amsawa. Mama Ladi, matar mai wa'azin cocin garin, ta sauke goyonta ta dube ni sama da ƙasa.

"Wato wanda za a ba ruwa safe da yamma, mangwaro ne?"

"Shi ne, Mama."

"Wanda zai maimaita aji fa?"

"Shi... zubar da shi za a yi."

Mama Dooshima ta janye 'yarta ta ɓoye a bayan zani. "Kashin shanu fa? Daga ruga na ɗauko shi a kai na, tun asuba."

"Shi kam daidai ne, Mama. Taki ne."

"To madalla. Cikin Turanci naki duka, kashi ne kaɗai gaskiya."

Mai unguwa ya fara dariya har sai da ya zauna a bakin baro. Mata suka ɗauka. Da na yi wa Helen bayani (a karon farko da cikakkun jimloli), ta durƙusa don dariya tana share hawaye, tana maimaita "wata uku, wata uku". Inna Talatu ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta matso ta ce mini a kunne, "Ƙamus ɗin da kika haɗiye, ashe bai narke ba."

Wasu suka fara naɗe tabarmi, na ga filin yana komawa doya a idona. Sai Mama Ladi ta ɗaga hannu.

"Ku tsaya. Ni na riga na gaya wa maigida yau ba ni da yaro, kuma ba zan koma in ƙaryata kaina ba. Malama, gaya wa Baturiya za mu cika mata leda duk Asabar. Amma makaranta da aka yi mana alkawari, sai an yi."

Na fassara, wannan karon kalma bayan kalma. Helen ta ce ta yarda, amma hannunta na cikin ƙasa, wa zai riƙe yaran?

Mata sama da arba'in suka juyo suka dube ni lokaci ɗaya.

Mai unguwa ya share ido ya ce fili ya zauna, ƙaninsa ya nemi wani wuri. Ni kuwa, da ba na iya gaida baƙo biyu, na ƙare yajin aikin nan a gindin wata ɗorawa, ina tsalle ina rera A, B, C, ɗaya na jan zanina, ɗaya na fitsari a kan takalmina. Har na koma makaranta ba wanda ya kira ni da sunana a garin. Hedimasta ake ce mini, har mai unguwa.

Na koyi abu ɗaya. Kalmar da ban sani ba ba ta taɓa kunyata ni ba, don ita nakan tsaya in bincika. Wadda na ce na sani tun ina 'yar shekara huɗu, ita ta kai ni ƙasa. Shi ya sa yanzu in mutum ya ce mini yana da jarirai a gida, nakan yi murmushi in tambaye shi a hankali ko suna da ganye.