Sadakar Mai Rai

Ba zan taɓa mantawa da wainar da na toya a kakar bara ba, don ita ta tara mini jama'ar da ko ranar da na aurar da 'yata ban gani ba.

Ɗana na fari soja ne. Ba zan faɗi sunansa yanzu ba, kuma duk wanda ya tashi a ƙauye irin namu na gefen Tsanyawa ba zai tambaye ni dalili ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Tun yana goye “yaron nan” nake ce masa, da ya shiga aiki na koma cewa “wancan na daji”. (Ni kuwa wajen alkunya ba a bar ni a baya ba. Har misali ake yi wa amare da ni, ina jin daɗi a raina ina yi kamar ban ji ba.)

A lokacin an tura su gabas, can inda ake fama, kuma an kwana biyu ba mu ji muryarsa ba. In an kira, sai a ce wayar a kashe take. Ban gaya wa kowa ba, amma tsoro nake ji ƙwarai. Tuwo ya daina shiga, kuma duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai na kasa kunne.

Ana haka matarsa Rabi ta kira ni daga Dawakin Tofa, inda take wankan jego a gidan iyayenta. Bayan mun gaisa ta ce, “Inna, gobe fa bazde ɗin Abban Amira ne. Da yana gida da na yi masa kek.”

Na ce, “To, mu dai ba mu san wannan ba.” Na ajiye waya.

Amma maganar ta ƙi barina. In ana zancen ranar da aka haife shi, wa ya fi ni saninta? Ni na durƙusa. Kek dai ban iya ba, amma na iya sadaka. Na jiƙa shinkafa ban ce wa kowa komai ba.

Washegari Malam, mai gidana, ya tafi kasuwa da gyaɗa. Na kafa tanda na hau suya. Da na ga sabon gero ya samu, sai na ce bari in ƙara lada, na daka gumba. (A garinmu in waina da gumba suka fito tare daga gida guda, ba sai an yi wa kowa bayani ba. Na san haka sarai. Ranar dai kan ne ba ya tare da ni.) Na rarraba wa yaran unguwa, na aika wa liman da kwano guda, na ce a sa wancan na daji a addu'a.

Sai ga maƙwabciyata Tabawa ta shigo aron rariya. Ta same ni gaban tanda, ido jawur, rabi hayaƙi rabi abin da ke cina.

“Lafiya? Sadakar mece ce wannan?”

Nan ne ya kamata in buɗe baki. To amma da wane bakin zan ce ina murnar ranar da na haifi ɗan fari? Na sunkuyar da kai na ce, “Ta yaron nan ce.”

“Wani abu aka ji ne?”

Na ce, “Sai dai addu'a.”

Ta dafe ƙirji, ta fice, ko rariyar ba ta ɗauka ba. Ni kuwa na yaba wa kaina, na ce yau ma na tsare mutuncina.

Bayan azahar mata suka fara shigowa da manyan mayafai, babu mai dariya. Na ji ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Wallahi na ɗauka godiyar waina aka zo. Sai wata tsohuwa ta zauna kusa da ni ta ce, “Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa shahada ya yi.”

Ko kusa ban kawo wainata a rai ba. Abin da na gani shi ne, labarin da nake gudu ya iso, gari duk ya ji, ni ce ta ƙarshe. Na zube a tsakar gida, ɗankwali ya yi gefe, na kwarma ihu: “Habibu! Wayyo Habibuna! Wa zai ba ni Habibu?” Ba sau ɗaya ba, har mazan da ke waje suka ji. Na ce duk cikin 'ya'yana shi na fi so, ga ƙannensa a tsaye suna saurare. Babu abin da na rage.

Cikin haka Malam ya dawo ya tarar da zaman makoki a ƙofar gidansa. Shi kuwa mutum ne mai bin diddigi. Ya ce wa ya kawo labarin, soja ne ya zo ko waya aka bugo? Liman ya ce shi dai an kai masa gumba, daga baya ya ji mata na faɗa. Mata suka ce Tabawa. Tabawa ta nuna ni.

Malam ya juyo. “Ke wa ya gaya miki?”

Na ce, “Su suka gaya mini.”

Malam ya dubi tandar. Ya ce, “To wainar ta mece ce?”

Na ce a hankali, ina jan majina, “Bazde.”

“Me kika ce?”

“Bazde ne, Malam.”

Wani ya yi salati, wani ya tuntsire da dariya a zaure. Ana naɗe tabarmi sai ga mota ta tsaya. Ashe wani mai azarɓaɓi ya buga wa surukanmu waya. Rabi ta sauko da ɗanyen jegonta, ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ita ce ban iya haɗa ido da ita ba, don nata babu abin dariya a ciki. Kuma da kowa ya watse, wayar dai a kashe take.

Sai bayan kwanaki ya kira. Lafiyarsa ƙalau, sabis ne babu inda suke, kuma Rabi ta riga ta fesa masa komai.

“Inna, an ce an yi mini zaman makoki ban samu zuwa ba. An kuma ce kin san sunana.”

Na ce, “Kai, tafi can. Kana samun abinci?”

Ya ce, “Faɗa sau ɗaya in ji, tunda gari duk ya ji ban da ni.”

Na duba tsakar gida, ba kowa sai kaji. Na faɗa. Ya ce, “Na gode, Inna.”

Abin da na koya shi ne, maganar da kunya ta hana ki faɗa a hankali, wata rana da ihu za ki faɗe ta, kuma ba ɗankwali. Bana ma yana can bai dawo ba, na sake kafa tanda, amma ban da gumba. Kafin in hura wuta na leƙa ta katanga na ɗaga murya: “Tabawa, sadakar Habibu ce. Yana nan da ransa. Ki taya ni roƙon Allah ya dawo mini da shi.”