Rasuwar Mai Tsintsiya, Wanda Ya Share Kansa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunya daidai gwargwado, ni mai kula da kwamfutocin wannan gidan rediyo nake sanar da abokan aiki rasuwar hadiminmu, shara.sh, wanda aka fi sani da Mai Tsintsiya.

Ga waɗanda ba su taɓa ganin fuskarsa ba, marigayin ɗan rubutun umarni ne, bai cika shafi guda ba. Duk shirin da muka watsa, kwamfuta kan ajiye sautinsa a wata babbar folda. Aikin marigayi shi ne ya tashi kullum da safe ya zaga foldar, duk fayil ɗin da ya yi wata uku ba a taɓa shi ba, ya share. Bai taɓa makara ba, bai taɓa neman hutu ba, bai san ɗan gata ba. Ba ya magana sai kalma biyu da yakan rubuta a baƙin allo in ya gama: "An share." Har yanzu in fankar kwamfuta ta ɗaga murya, sai in waiwaya.

Albarkacinsa Manaja ke kirana Injiniya. Albarkacinsa na yi shekaru ina shan shayin safe ƙafa kan tebur, ana cewa ina nazari.

Ciwon ajalinsa ya fara ne ranar da tsafta ta motsa mini. Na ga allon kwamfutata ya yi kaca-kaca, sai na ce ya kamata ma'aikaci ya zauna kusa da wurin aikinsa. Na ɗauki marigayi da hannuna na saka shi cikin foldar da yake sharewa. Domin ni mutum ne mai hangen nesa, na yi masa kwafi, na ajiye a gefensa.

Ya ci gaba da aiki bai koka ba. Da wa'adi ya cika, ya zo zagayensa, ya tarar da wasu fayiloli biyu da aka daɗe ba a taɓa ba. Bai tsaya tambayar ko su wane ne ba. Ya fara da ɗan'uwansa, sannan ya juya kan kansa. Ban taɓa ganin riƙon amana irin wannan ba.

Abin da ya fi ci mini rai, ban ma san ya rasu ba. Na ci gaba da shan shayina, fayiloli na taruwa, har ma'ajiyar kwamfutar ta cika maƙil. Ranar da asiri ya tonu, Anti mai shirin lafiya ta samu wani likitan yara da ta daɗe tana bi, ya zauna ya yi bayani tiryan-tiryan, aka rako shi har mota. Da ta dawo ta kunna, ko sallamarsa ba a ɗauka ba.

Manaja ya sauko ɗakina da kansa. Ya ce, "Injiniya, wa ya goge shi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, shi ya goge kansa."

"Wa ya ba shi izini?"

Na dubi silin.

"To sake rubuta shi mana. Ba kai ka rubuta ba?"

A nan ne ya zama dole in sanar da jama'a cewa marigayi yana da uwa. Ƙanwata ce ta rubuta shi wani hutu da ta zo, ni kuwa na raɗa masa suna. Da na kira ta na yi mata ta'aziyya, sai da ta yi dariya har ta ƙware, sannan ta ce, "Yaya, ka sa mai shara cikin kwandon shara?" Ta yi alkawarin turo wani, da sharaɗin zan karanta mata shi layi-layi, in faɗi ma'anar kowanne.

Marigayi ya bar dubban fayiloli marayu, da ma'ajiya mai numfashi da ƙyar, da Anti wadda ba ta amsa gaisuwata, da ni.

Ba za a yi wanka ko sutura ba, domin bai bar gawa ba. Na duba kwandon shara na kwamfuta har sau ba adadi, ashe irin sharar da yake yi ba ta biyowa ta nan. Za a karɓi gaisuwa a ɗakin kwamfutoci, bayan na'urar sanyaya ɗaki mai ɗigar ruwa, inda za ku same ni ina goge fayiloli ɗaya bayan ɗaya da hannu. Mai zuwa ya taho da kujerarsa.

Za a rufe zaman makoki ranar Litinin a ofishin Manaja, inda ya ce za a zauna a duba duk wani abu da ya daɗe a gidan nan ba ya aikin komai. An ce in zo da wuri.