Ranar da Na Kori Mai Sayen Raguna

Da 'yan kasuwar raguna na Zongo suka naɗa ni admin na guruf ɗinmu na waya, nan take na kafa doka: duk baƙuwar lamba, waje. Saura kwana uku Sallah, wata lamba ta dame mu da tambayar farashi. Na cire ta, har da sanarwar cewa na kama ɗan damfara.

Da la'asar shugabanmu ya kira ni rumfarsa. Ina shiga ya ce:

"Malam, ka san wa ka kora? Madam ce ta garin Godomey, mai sayen raguna arba'in duk shekara. Ta koma wajen masu raguna na unguwar Agla."

A tsaye aka tsige ni. Har yau in na shigo kasuwa sai su ƙame suna sara mini: "A ɓoye masu saye, ga Jandarma!"