Delbert Walƙiya da Kan Bel na Azurfa

Duk yammacin Texas babu matuƙi kamar Delbert Hoskins, mai kantin abincin shanu na garin Dry Fork. Wannan magana tabbatacciya ce, don daga bakinsa muka ji ta. Shi ya raɗa wa kansa suna Walƙiya, ya kuma sa aka rubuta masa a hular kwano da ruwan zinari, kada wani ya manta.

Sau ɗaya a shekara ake rufe babban titinmu, mil sittin, a bar wa masu sha'awar tsere. Ƙa'idar kuwa ko shanun Delbert sun san ta: kowa ya zaɓi gudun da zai yi, sai ya isa daidai lokacin da lissafi ya yanka masa. Wanda ya fi dacewa da agogo shi ke cin kan bel na azurfa, wato ƙarfen da ke ɗaure bel ɗin wando, mai faɗin faranti. Wanda ya zarce iyakar gudun ajin da ya zaɓa, a kore shi. Shi ya sa kowane direba ke ɗaukar mai agogo a gefensa, yana ce masa ƙara ko rage.

Delbert ya shiga ajin mil ɗari da goma a awa. Masu shirya gasa suka ba shi Malama Opal Renfro, tsohuwar malamar lissafi, wadda ta shekara ashirin tana wannan aiki. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Baba Opal, ke kika kayar da ni a aji huɗu, na yafe. Amma walƙiya ba ta tambayar tsohuwa ƙarfe nawa."

Sai ya ɗauki Wendell, ƙanin matarsa, mai tsare masa kanti, mutumin da tun da aka haife shi bai taɓa ce wa Delbert a'a ba. Opal kuwa ta shiga tsohuwar akori-kurar wanzamin gari.

Ranar gasa gwarzon namu ya fito da sabon bel marar kai. Tsohon kan ya bar shi a gida da gangan, ya zarge wando da zaren buhu. A gaban masu gashin naman shanu ya yi jawabi, ya ce ba ya son ya wahalar da jama'a da jiran ya kwance wani ƙarfe kafin a ɗaura masa na azurfar.

Aka ɗaga tuta. A mil na goma Wendell ya leƙa agogo, ya yi gyaran murya, ya ce kamar dai sun ɗan yi gaba.

"Gaba muka zo yi, Wendell. Ina ka taɓa jin an ba na baya kyauta?"

"Haka ne, Maigida."

Ya take totur. Ya wuce motar likitan dabbobin gari. Ya wuce wanzami, har ya ɗaga wa Opal hannu, ita kuwa ko kallonsa ba ta yi ba, idonta na kan takarda. Wendell ya jefa agogon ƙarƙashin kujera ya kama addu'a.

Delbert ne ya fara isa, da tazarar minti shida. Ya haye rufin mota, ya buɗe hannuwa, ya fara gode wa iyayensa da malamansa, ban da guda. Yana cikin bayanin yadda za a tsara mutum-mutuminsa a bakin kasuwa, alƙalin gasa ya miƙo masa jar takarda. Na'ura ta kama shi yana gudun mil ɗari da hamsin da biyu a awa. An kore shi, har da baɗi.

Can sai ga akori-kura ta ƙaraso tana tari, ko rabin daƙiƙa ba ta kuskure ba. Wanzami ya ce ai aikin Malama ne, a ba ta azurfar.

Delbert ya kumbura ciki zai ɗaukaka ƙara, zaren buhu ya tsinke.

Opal ta dubi kan bel ɗin, ta dubi mutumin da ke tsaye a rufin mota riƙe da wando hannu bibbiyu.

"Da na ara maka, ɗana," in ji ta, "amma na ga kana sauri."