Tsakuwar da Ta Tona Min Asiri a Bikin Yendi

Ba zan taɓa mantawa ba da bikin Zainabu, 'yar wana, da aka yi a Yendi. Duk lokacin da ya faɗo mini a rai sai in ji kamar in rufe fuska da mayafi.

Shekara uku kafin bikin aka yi mini tiyata aka cire mini matsarmama, saboda tsakuwa da ta cika ta. Na warke sarai, na koma sayar da doyata a kasuwar Salaga. Daga nan fa na zama likitar unguwa. Kowa ya ce cikinsa na ciwo sai in zaunar da shi in yi masa darasi (ni da ko sunan maganin da aka ba ni ban iya faɗa ba). Saboda haka da ciwo ya fara dawo mini a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ban gaya wa kowa ba. Yaya za a ce mai ba da shawara ita ce ba lafiya? Na ce gajiya ce. Da fitsarina ya yi duhu, na ce rashin shan ruwa ne. Da ƙaiƙayi ya kama ni, na ɗora wa sabulu laifi.

Ranar walima dangin ango suka iso daga Bawku, mota biyu. Yaya Ladidi, 'yar gwaggona, ita ta ɗauki nauyin girkin. Tun safe take gaban murhu, duk da ƙafarta mai kumburi. Na ci shinkafa da miyar nama mai maiƙo, har na ƙara. Ba a jima ba ciwon ya murɗe ni, ga ƙaiƙayi kamar an zuba mini tururuwa a riga. Ina zaune a tabarmar manyan baƙi, cikin sabon leshi, ina ta susa har da kan cokali.

Da na ga ana kallona, kunya ta sa na nemi wanda zan jingina wa. Na ɗaga murya na ce, "Yaya Ladidi, wane irin mai kika yi girkin nan da shi? Kin kusa kashe ni!"

Wasu baƙi suka ajiye cokulansu. Yaya Ladidi ta tsaya da ludayi a hannu, idonta ya ciko.

Sai uwar ango, Hajiya Memuna, ta taso a hankali. Ashe tsohuwar nas ce. Ta kama haɓata kamar wata yarinya, ta juya fuskata wajen haske, ta ja fatar idona ƙasa.

"Hajiya, ba abinci ba ne," in ji ta. "Idonki ya yi rawaya. Tun yaushe?"

"Ai ni ba ni da matsarmama," na ce da gadara. "An cire!"

"An cire jakar, amma bututun da ɗaci ke bi yana nan. Tsakuwa kan laɓe a ciki shekaru. Ki je asibiti yau, kada zazzaɓi ya shigo, abin ya taɓa hanta."

Zazzaɓin bai ma jira ba. Kafin la'asar ina makyarkyata a bayan mota. Wadda ta tallafe kaina a cinyarta har asibitin Tamale, tana yi mini addu'a, Yaya Ladidi ce.

Hoton ciki ya nuna tsakuwa ɗaya, ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, ta toshe hanyar. Likita ya ce da na ƙara kwanaki da labarin ya bambanta. Sai da aka tura ni wani babban asibiti aka ciro ta.

Da na samu sauƙi na ce, "Yaya, ki yafe mini."

Ta ce, "Na yafe. Amma a gaban mutum nawa kika faɗa?"

Haka na bi dangin Bawku ɗaya bayan ɗaya a waya, ina wanke miyar Yaya Ladidi.

Wata uku jikina yana yi mini magana, na ƙi saurare don kada a ce ban sani ba. Yanzu in ciki ya murɗa, bakina nake fara rufewa, sannan in nemi motar zuwa asibiti.